Wanda Ke Tsaye a Bayana

Ya Ubangiji, gari ya waye, na gode maka.

Akwai wani ɗan abu da nake ta juyawa a zuciyata, ina so in shimfiɗa shi a gabanka kafin gida ya tashi. Maganar bayana ce, wannan sashen jikina da ban taɓa gani da idona ba.

Tun da cutar Parkinson ta kama ni, mutane sun fi lura da hannuna na dama da ke karkarwa. Shi ake gani, shi ake yi wa sannu. Amma kai ka sani, karkarwar ba ta ba ni tsoro kamar faɗuwa. Musamman faɗuwa ta baya. In mutum zai faɗi ta gaba yana ganin ƙasa, yana iya miƙa hannu ya tare. Ta baya kuwa babu ido, babu hannu, sai ƙeya.

Akwai wani gwaji da likita kan yi mini in na je asibiti. Yakan ce in miƙe tsaye, in ɗan raba ƙafafu, in bar idanuna a buɗe. Sai ya zagaya ya tsaya tsakanina da bango. Ya ce, "Baba, zan ja ka ta baya. Ka yi ƙoƙari kada ka faɗi. In ka ga sai ka yi taku, ka yi." Da farko yakan ja a hankali don in san yadda abin zai zo. Sa'an nan ya kama kafaɗuna ya fizgo da ƙarfi.

Mai lafiya taku ɗaya yake yi, ko biyu, ya tsaya cak. Ni kuwa ƙafafuna sai su yi ta 'yan gajerun taku da baya, suna bin jikin da ya riga ya tafi, ba su cim masa ba. Wata rana ma ko motsi ba sa yi. Sai in tafi gaba ɗaya, a sandare.

Kowane lokaci kuwa a hannunsa nake ƙarewa.

Wanda ya ja ni, shi ne ya tare ni. Bai ja ni ya koma gefe yana kallo ba. Tun kafin ya taɓa kafaɗata ya riga ya gyara tsayuwarsa, ya shirya karɓar nauyina duka. Haka ake koya musu. Bangon da ke bayansa ma don haka ne, in nauyin majinyaci ya rinjaye shi sai su jingina tare.

Na san wannan sarai. Duk da haka, da ya ce "ka shirya," sai gabana ya faɗi. Kaina ya san akwai mutum a baya, jikina bai yarda ba tukuna.

Haka nake da kai, ya Ubangiji. Na san kana nan. Tun ina yaro na sani. Amma akwai wani lungu a cikina da har yanzu yakan ƙanƙame in an ja shi.

An bayyana mini yadda tsayuwa take, na kuwa yi mamaki. Ashe tsayuwa aiki ce. Mutum yana tsaye yana hira, amma jikinsa ba ya daina ɗan lilo gaba da baya. Ido yana aika labari. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke faɗin inda kai ya karkata. Tafin ƙafa da gaɓoɓi su ma suna faɗin inda nauyi ya koma. Ƙwaƙwalwa sai ta haɗa labaran nan, ta ja wannan tsoka, ta saki waccan, tun kafin mutum ya san ya karkata.

Shekaru da shekaru ana yi mini wannan gyaran ban sani ba. Na ɗauki buhu a ka, na hau keke, na tsallake kwata da tsalle ɗaya. Ban taɓa yin godiya don tsayuwa ba, domin ban san kyauta ce ba. Yau na sani. Na gode don waɗancan shekarun duka, da kake tallafe ni ina ganin ƙarfina ne.

Yanzu can cikin ƙwaƙwalwata wasu ƙwayoyi da ke yin sinadarin dofamin suna ta raguwa. Gyaran yana zuwa, amma a makare, kuma ƙarami. Takun da ya kamata ya zama babba ya cece ni sai ya zo guntu. Hannun da ya kamata ya yi wuf ya kama ƙofa sai ya tsaya a gefena.

Maganin da nake sha, levodopa, alheri ne daga gare ka. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1960 yake sauƙaƙa wa masu wannan ciwo. In ya kama jikina sai taurin ya saki, nauyin ƙafa ya ragu, in iya ɓalle maɓallin rigata da kaina. Amma likita bai ɓoye mini ba, wajen tsayuwa daidai taimakonsa kaɗan ne. Akwai wani ma'auni mai matakai biyar da wasu likitoci biyu na Amurka, Margaret Hoehn da Melvin Yahr, suka tsara a 1967. Mataki na uku shi ne inda tsayuwa kan fara kuɓuce wa mutum. Nan likita ya ce nake. Na ji, na kawo maka lambar, na ajiye a gabanka. Kai ne ka san sauran hanyar.

Ina yawan tuna mutumin da cutar ke ɗauke da sunansa. James Parkinson likita ne a Landan. A 1817 ya rubuta ɗan littafi a kan mutum shida kacal, kuma uku daga cikinsu a kan titi ya gan su. Ɗaya ma daga nesa kawai ya hango shi. Ya lura da yadda jikinsu ke rankwafawa gaba, da yadda tafiya ke rikiɗe musu ta koma sassarfa, suna bin nauyin jikinsu da gudu don kada su kife. Mutane nawa ne suka wuce waɗannan tsofaffi a titi ba su duba ba? Amma ka ba mutum ɗaya idon da ya tsaya ya duba. Ina jin daɗin wannan tunanin. Tun kafin a sa wa ciwon suna, kai kana ganinsu.

Rankwafawar nan ta same ni ni ma. Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa shi ne ba na jin ta.

Ina tafiya a tsakar gida, a raina a miƙe nake sambal. Sai in ji muryar matata daga madafa: "Maigida, miƙe." In ce, "Ai a miƙe nake." Sai ta zo ta sa tafin hannunta tsakanin kafaɗuna, ba ta ce komai ba. In na dubi gilashin taga sai in ga wani dattijo, kansa ya riga ƙirjinsa gaba, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, hannuwansa a naɗe kusa da ciki. Ni ne.

Wasu gefe ɗaya suke karkata, har likitoci suka sa wa abin sunan hasumiyar nan ta garin Pisa a Italiya da ta karkace. Wasu kuwa in sun tashi tsaye sai su duƙa sosai daga ƙugu, amma da sun kwanta rigingine sai bayan ya miƙe. Da yawa a cikinmu ba mu san mun karkata ba sai an faɗa mana. Ma'aunin da ke ciki ne ya goce.

Mai yi mini gashi a asibiti ta ba ni wani aiki na kowace safiya. In tsaya in juya wa bango baya. Diddige kusa da bango, ɗuwawu ya taɓa, kafaɗu su taɓa, sa'an nan in ja haɓa in kai ƙeya. Ranar farko da ƙeyata ta taɓa bangon sai na ji kamar zan kife da baya. Na kama hannunta. Ta ce, "Baba, ba faɗuwa kake yi ba. Yanzu ne ka tsaya daidai."

Na daɗe ina juya wannan magana a gabanka. Abin da jikina ke kira faɗuwa, ashe tsayuwa ce. Abin da yake kira tsayuwa kuma, ashe duƙawa ce.

To, in jikina yana iya ba ni labarin da ba daidai ba a kan inda kaina yake, me zai hana zuciyata ta ba ni labarin da ba daidai ba a kan inda kake? Akwai dare da nakan farka, magani ya sake ni, juyi ma a kan gado ya gagara. A irin wannan lokacin zuciyata takan ce ka yi nisa. Da, nakan yarda da ita nan take. Yanzu ina koyon in ce mata, na ji ki, amma ke ma ma'auninki yakan goce. Kusancinka bai dogara ga yadda nake ji ba.

Ba a kwana ɗaya ake koyon wannan ba. Kowace safiya sai na koma jikin bangon nan, kowace safiya kuma ƙeyata takan ɗan yi gardama.

Sai kuma maganar ƙofa. Ina cikin tafiya lafiya, da na iso dokin ƙofa sai ƙafafuna su manne da ƙasa. Ƙirjina yana son wucewa, ƙafa ta ƙi. Haka ma in zan juya, ko in wuri ya yi ƙunci, ko in wani ya ce in yi sauri. A nan ne faɗuwa ta fi samun mu, domin sama ya tafi, ƙasa ta tsaya.

A irin wannan lokacin ƙoƙari ba ya fitar da ni. Iyakar yadda na matsa, iyakar yadda ƙafar ke ƙara kafewa. An koya mini in tsaya tukuna, in ja numfashi, in mai da nauyina kan ƙafa ɗaya, sa'an nan in ɗaga ɗayar in yi babban taku. An koya wa mutanen gida kada su ja ni da hannu. Matata takan tsaya a gefena tana ƙirgawa a hankali, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ɗana ya ja layuka da farin fenti a ƙasa daga ɗaki zuwa bayan gida, in ta tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Layi ne kawai a kan siminti, amma ido yana ganinsa ƙafa sai ta tashi.

Ran Lahadi kuma a coci, in zumuntar mata suka fara buga tulu da ganga, sai in ga ƙafafun nan da suka ƙi ni a bakin ƙofa suna bin kiɗa har gaba. Likitoci sun san wannan, suna ma amfani da kiɗa wajen koya wa masu ciwon tafiya. Agogon da ke cikina ya raunana, sai in ari na waje. Ban ga abin kunya a nan ba. Taimako daga waje yake zuwa mini, ni kuwa aikina in saurara in bi.

Tsoro ne ya fi wahalar da ni, ya Ubangiji. Shi ma ka san shi.

Ba tsoron banza ba ne. Bincike ya nuna kusan shida cikin goma na masu wannan ciwo sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma tsoron yana da nasa sharrin. Mai tsoron faɗuwa yakan ƙanƙame jiki, jikin da ya ƙanƙame kuwa ya fi saurin kifewa. Sai ya rage fita, ya lazimci kujera, cinyoyi su saki, ranar da ya tashi kuma ƙafa ba ta da ƙarfin riƙe shi. Kujerar da ya gudu gare ta don ta tsare shi, ita ce ke miƙa shi ga abin da yake gudu.

A 2012 an wallafa wani bincike da aka yi a jihar Oregon ta Amurka da mutum 195 masu cutar. An koya wa wasunsu tai ci, wani motsa jiki na mutanen Sin da ake yi a hankali, sau biyu a mako har mako 24. Tsayuwarsu ta gyaru, faɗuwarsu kuma ta ragu fiye da ta waɗanda miƙe gaɓoɓi kawai suka yi. Abin da suka koya shi ne su karkata da gangan, gaba da baya da gefe, har kusa da iyakar da za su iya, sa'an nan su dawo. A unguwarmu ba mai koyar da wannan, amma mai gashin tana sa ni abu mai kama da shi. Ina riƙe da ƙarfen da ɗana ya kafa a bango, in jingina baya kaɗan, in dawo. In sake.

Ina tsammani haka zuciya ma ke koyon dogara. Kaɗan-kaɗan take sakin nauyinta, ta ga an riƙe ta, gobe ta ƙara.

Amma ba zan ɓoye maka sauran maganar ba, tun da ba abin da ke ɓoye gare ka. Na faɗi, kuma ba wanda ya tare ni.

Rigata na miƙa hannu zan rataya a ƙusa. Na ɗaga kai sama, na yi taku ɗaya da baya, shi ke nan. Sai ga ni a ƙasa ina kallon rufin ɗaki, ƙuguna yana zafi. Babu likita, babu bango. Ina kwance na tambaye ka, ina kake?

Ba ka amsa mini da murya ba. Amma ina kwancen nan sai abin da aka koya mini ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi gaggawa. Taɓa jikinka ka ji ko akwai karaya. Mirgina gefe. Tashi a kan hannuwa da gwiwoyi. Jikata ta leƙo, idanunta sun cika da ƙwalla, ta ce, "Kaka, in kira Mama?" Na ce, "Jawo mini kujerar can tukuna, ki riƙe ta da kyau." Na dafa kujerar, na sa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba. Kafin in yunƙura na ɗan daɗe a durƙushe, goshina a kan kujera, yarinyar tana riƙe da ita da hannu biyu. A nan na san ba ka je ko'ina ba.

Ba zan ce kowane ja daga hannunka yake ba. Ciwo ciwo ne, ba na kuma kiransa da wani suna mai daɗi. Ba ka yi mini alkawarin ƙeyata ba za ta taɓa ƙasa ba. Abin da na riƙe shi ne inda kake tsaye. Ko na kai ƙasa, ban fita daga hannunka ba.

Bayan wannan faɗuwar na karɓi sanda. An naɗe tabarmar da ke tsakiyar ɗaki, an sauko da ƙusar daidai kafaɗata, na bar silifas na koma takalmi mai rufe diddige. In zan juya ba na murɗa jiki a wuri ɗaya, sai in yi ɗan zagaye. In ina tafiya ba na hira, domin ƙwaƙwalwata ba ta iya riƙe biyun a lokaci guda. Da safe kuma nakan zauna a bakin gado tukuna, domin ciwon da maganin duka sukan sa jini ya sauka in mutum ya miƙe da sauri, jiri ya kwashe shi. Duk waɗannan ina lissafa su cikin hanyoyin da kake tare ni.

Sandar ta yi mini nauyi a zuciya da farko. Sai na tuna Paparoma John Paul na biyu, yadda duniya ta gan shi da wannan ciwon a shekarunsa na ƙarshe, a rankwafe, yana dafe da sandarsa a gaban dubban jama'a, har ya rasu a 2005. Bai ɓuya ba. Ni ma ka ba ni zuciyar fita a gan ni yadda nake.

Ina kawo maka sauran 'yan'uwana a wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mun haura mutum miliyan 8.5. Ina tuna waɗanda ke ƙauyukanmu, da ake ce musu tsufa ne kawai, ko a ce jifa aka yi musu. Ina tuna wanda ke tangaɗi a hanya yara suna cewa ya sha ne. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne a ƙasarmu, maganin kuma yakan yi tsada, yakan kuma yanke. Ka tura musu wanda zai duba da kyau ya gane. Ka tura musu wanda zai ja layi a ƙasa, ya ƙirga musu ɗaya, biyu.

Ina kuma kawo maka matata. Ita ce ke farkawa in na motsa da dare. Ita ce ke sa kafaɗarta ƙarƙashin hammatata in gado ya riƙe ni, alhali ita ma bayanta yana ciwo, ba ta faɗa. Jiya na ga tana dafa ƙugu bayan ta tashe ni. Ka ƙarfafa bayanta, ya Ubangiji. Ka sa 'ya'yanmu su lura su karɓe ta. Ka ba ni bakin da zai riƙa gode mata tun tana ji, ka kuma ba ta barci yau ko da rana ne.

Amin.